Likkafanin da Ya Je Juji Ya Dawo

Ku samarin da kuka sayi keke mai ƙafa uku bara da bana, ina jin abin da kuke faɗa a ƙofar depo, jujin manyan tarkace, idan kun hango ni tafe da kurata. Wai kafin Baba Ila ya gama gaisuwa a gida ɗaya kun kwashe unguwa. Wai aikin nan ba shi da wata dabara, ɗauka ne kawai da zubarwa. Kunnena ƙalau yake, gwiwa ce kaɗai ta fara yi mini gardama. To tunda kun ce ɗauka ne da zubarwa, bari in ba ku labarin wani farin yadi da wata tsohuwa ta tanada don a naɗe ta a ciki ranar da ta mutu, da yadda aka ɗauka aka zubar da shi tana da ranta. Amma sai na fara gaya muku yadda aka koya mini aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa na ƙi taɓa kayanta a ranar ba.

Aikina na farko gado ne, tsohon gadon ƙarfe mai rumfa, a wani gida a unguwar Hausare. Maigidana a sana'a, Baba Garba, Allah ya ji ƙansa, ya yi sallama sau da yawa har mata suka kimtsa, sannan muka shiga. Ni da ƙarfin ƙuruciya na sunkuya zan kinkimi gadon yadda yake. Ya ce, "Kai, ajiye. Ina za ka da shi a tsaye?" Na ce juji mana. Ya miƙo mini sifana ya ce in kwance shi ƙarfe-ƙarfe a nan tsakar gida. Da muka gama ya shimfiɗa ƙarafan a ƙasan kura, ya ɗora fasasshen baho da ruɓaɓɓen kwanon rufi a kai. Sai da muka yi nisa ya ce, "In ka fito da gadon matar aure a tsaye a kan kura, kafin ka kai bakin kwalta an je an gaya wa uwarta an sake ta. Mu shara muka zo ɗauka, ba auren mutane ba."

Darasi na biyu ya fi wannan wuya, don shi ne ke sa mai gida ya ɓata rai. Kayan ɗakin mace nata ne. Mijinta ba shi da su, ɗanta ma ba shi da su, ko da kuwa shi ya saya. Baba Garba ba ya ɗora kayan mace a kura sai ya ji daga bakinta, ko ta bayan labule ne, ta ce a tafi da shi. Namiji yana ganin tsohon kabad ne mai cin wuri. Ita ce ta san abin da ta cusa a bayansa. Na sha ganin an kore mu daga gida saboda wannan, kuma na sha ganin gidan da ya kore mu ya aiko a kira mu bayan kwana biyu. Abin da ya sa har yau akwai gidajen da mai ruwa ma iyakarsa zaure, amma Ila yana shiga har uwar ɗaka.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma babu na ado a ciki. Kura, wadda 'yan garin nan namu na Garwa ke kira pus-pus, mai tayar babur ba ta keke ba. Igiyar roba da na yanko daga tsohon tuf na babbar mota, don igiyar rama tana sakin kaya a gargada. Sifana, guduma, sandar ƙarfe ta ɗaga kaya, da wani gungumen icce da nake tokare taya a gangara. Sai tsohon bargo. Kuna dariyar bargon nan, na sani. Kabad ɗin da ƙarti za su yi ta nishi a kansa, ni da abokin aikina sai mu karkata shi mu zura bargo a ƙarƙashi mu ja, ya fito sumul ba a ƙwarzane wa matar gida siminti ba.

Abokin aikin nan nawa Matiyu ne, Kirista daga duwatsun Poli, wanda muka tura kura ɗaya har gashin kanmu ya yi fari tare. Wani firigo ya haɗa mu, a benen wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa kudu. Firigon ya mutu, matakalar kuma ƙunci gare ta da lanƙwasa. Na tsaya ina kallon matakala, sai wannan gajeren mutum da ke wucewa da buhun gawayi ya ce, "Cire ƙofa tukuna, patron. Rabin nauyi yana ƙofa." Ba rabi ba ne, amma da gaskiyarsa. Muka cire ƙofa, muka ɗaure shi a bargo, shi yana ƙasa yana tara da kafaɗa, ni ina sama ina sakin igiya kaɗan-kaɗan. Tun daga ranar ba mu rabu ba. Ran Juma'a shi ke tsare kura, ran Lahadi ni.

Ku da kuka tarar da depo a shirye ba ku san yadda aka sha fama ba. Motar shara tana ɗaukar abin da ya shiga bokiti ne. Katifa, kujerun falo, gado, kabad, mataccen firigo, waɗannan ba ruwanta da su. Da can a kwata ake jefa su, ko a rafi da rani, damina ta zo ta dawo wa kowa da nasa. Sai meri, wato ofishin magajin gari, ta ware fili a bayan gari ta ce duk mai babban tarkace ya kai can. Akwai mai gadi a ƙofa, a zamanin da nake magana wani Bafillace ne mai suna Hamadu, shi ke nuna maka inda za ka sauke. Ƙarfe gefe guda, icce gefe guda, katifa da tsumma can ƙarshe. Masu gwangwan su zo su tsinci ƙarfe, mata masu neman makamashi su kwashi icce. Abin da ya rage katafila ta ture shi rami ta danne da ƙasa, kuma daga nan babu dawowa.

Shekarar da kogin Binuwai ya cika ya shigo gari, kowa cewa yake kakarmu ta yanke saƙa. Ga katifu jibge a kowace ƙofa, ga kujeru sun kumbura suna wari. Wallahi ban taɓa ganin mugunyar shekara irinta ba. Katifar da mutum ɗaya ke saɓawa a ka, in ta sha ruwa mu biyu sai mun yi da gaske. Hanyar depo ta zama taɓo, ƙarfen tayar kurata ya karye a ciki, muka sauke kaya a ka muka ƙarasa. Ƙafafunmu suka ci ruwa suka tsage. Ga shi wanda ya kira ka ɗakinsa ne ya rushe, kana kallon 'ya'yansa a kan tabarma a waje, da wane baki za ka yi ciniki? Depo kuwa ya cika har ƙofa. Hamadu ya daina raba ƙarfe da icce, don ba wurin rabawa, katafila kuma ta koma turi kullum tun safe.

A cikin wannan hali Alhaji Bala ya aiko a kira ni. Ɗan kasuwa ne mai shagon yadi da atamfa a babbar kasuwa, kakanninsa daga Kano suka zo kamar nawa. Mahaifiyarsa, Goggo Asabe, duk unguwa ta san ta. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta tara abin da ta je Makka da shi, amma ta hana a kira ta Hajiya, wai sunan ya yi mata nauyi. Ruwa ya ci bangon ɗakinta, aka ɗauke ta aka kai ta gidan 'yarta a unguwar Yalwa. Alhaji yana so a kwashe ɗakin a ranar, don magina na zuwa.

Ya nuna mini kayan. Gado, katifa, wata kujera da ta rabu da ƙafa, da kabad babba na maɗaci, irin aikin kafintocin da, wanda ruwa ya kai masa gwiwa. Ya ce, "Malam Ila, na kwashe tufafinta da kwanukanta da hannuna. Babu komai a ciki. A tafi da su duka."

Na ce, "Alhaji, Goggo ta ce a tafi da su?"

Ya ce, "Ni ɗanta ne."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Bari in je Yalwa in ji daga bakinta, in dawo in kwashe maka kafin la'asar."

Mutumin kirki ne, amma ranar a gajiye yake, shagonsa ma ruwa ya taɓa. Ya ce, "Bon, to. Je ka ji." Yadda ya faɗa na san ba jira zai yi ba.

Na bar Matiyu da kura a bakin masallaci, na taka zuwa Yalwa. Na tarar da Goggo a kan tabarma a inuwar darbejiya, idonta ya yi rauni amma ta gane muryata. Bayan mun gaisa na yi mata jaje, na ce Alhaji ya ce a zubar da kayan ɗaki. Ta ce, "A zubar mana, ɗana. Gadon nan ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi." Sai ta kamo bakin rigata. Ta ce, "Almuwar ɗin fa? Bala ya zare aljihun ƙasa?" Almuwar shi ne kabad a bakin mutanen nan. Na ce ya ce ya kwashe komai. Ta ce, "Ba cikin aljihun ba. Ƙarƙashinsa. Sai an zare shi gaba ɗaya. Likkafanina yana nan, Ila. A Makka na saya, na jiƙa shi da Zamzam na shanya da hannuna. Na ɓoye ne don kada jikoki su yanka su yi wa 'yar tsana riga. Ko Bala ban gaya wa ba, ba ya son ana zancen mutuwata."

Ta ƙara riƙe rigata. Ta ce, "Ba ni da wani abu da na tanada sai shi."

Ban san gwiwar nan tana iya gudu ba sai ranar. Ina isa na ga ɗaki wayam. Matiyu ya ce wasu masu keke mai ƙafa uku sun zo daga wata unguwa, ya yi musu magana suka ce tsoho ya matsa. Irinku ne, ba ku ba ne, kada ku sunkuyar da kai. Sun yi aikinsu da sauri ƙwarai, ban hana su wannan ba. Alhaji ya tafi kasuwa. Muka bar kura a hannun ladan, muka hau babur ɗaya mu biyu.

Tun daga nesa nake jin rurin katafila. Hamadu yana ƙofa da takalmin ruwa, ya ce, "Jam na, lafiya Ila? Ina kura?" Na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Likkafani? Subhanallahi." Bai tambayi komai ba, ya ratsa taɓo ya je ya ɗaga wa direban hannu, ya roƙe shi ya koma turi ta wancan gefe. Mu kuma muka shiga tudun. Ba zan kwatanta muku warin ba, kun san warin katifar da ta kwana cikin ruwan kwata. Muna ɗagawa muna jefarwa, rana na dukan ƙeya. Na ga gadon Goggo, na ga kujerar mai ƙafa uku, amma kabad babu shi babu alamarsa. Na dubi ramin da katafila ta riga ta danne, na ce ko yana ciki.

Sai na tsaya na yi tunani irin na mai sana'a. Kabad ɗin zamani garin katako ne da gam, in ya sha ruwa ya zama fura, ko wuta ba ta cinsa. Na Goggo maɗaci ne zalla. A shekarar da kowane icce a gari ya jiƙe, irin wannan ba zai yi minti a ƙasa ba tare da wani ya yi wuf da shi ba. Na ce wa Hamadu, "Wa ya ɗebi icce yau?" Ya ce matan nan masu dafa bil-bil sun zo da safe, wata babba a cikinsu ta sa an ɗora mata wani almuwar a kura sukutum. Bil-bil ita ce burkutunsu ta dawa, tana cin icce kamar me. Matiyu ya ce, "Babba, mai tabo a goshi? Mama Marta ke nan. Cocinmu ɗaya."

Muka kama hanyar gidanta. Abu biyu nake tsoro. Ko dai kabad ya riga ya shiga murhu da abin da ke cikinsa, ko kuma an ga yadin. Kun san da me ake tace bil-bil? Da farin ƙyalle mai kyau.

Ni Ila, tunda uwata ta haife ni ban taɓa taka gidan giya ba. Na tsaya a ƙofa ina duba hagu da dama ko akwai wanda ya san ni, sannan na ce wa kaina ai ba sha na zo yi ba, na yi sallama na shiga. Manyan tukwane na tafasa a jere. A gefe ga ƙyauren kabad ɗin Goggo an faskare shi, ga aljihunan a kife, rabin jikinsa ya riga ya zama garwashi. Mama Marta na tsaye da gatari, mace ƙaƙƙarfa, zufa na zuba. Matiyu ya yi mata magana da yarensu, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce da Hausar kasuwa, "Kai ne mai kaya?"

Na ce, "Ba nawa ba ne, Mama. Na wata tsohuwa ne."

Ta ce, "Yana da rai?"

Na ce tana da rai.

Ta ajiye gatari, ta je randa ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan ta shiga ɗakin kwananta. Ta fito da ƙunshi a cikin sabon zanenta na zuwa coci. Ta ce, "Na fasa almuwar, wannan ya faɗo. Na buɗe, fari, ba ɗinki, ƙamshin turare. Yarinyata ya ce, Mama, wala, ga shi, mun samu abin tacewa. Na ce rufe baki. Wannan kayan tafiya ne." Ta ce a ƙauyensu na kan dutse kakarta ta yi shekaru tana tara saƙin auduga don ranar binne ta, ba mai taɓawa, don haka ita ba sai an gaya mata ba. Ta ɗora shi a saman gidan sauro, nesa da tukwane, tana shirin ta aika wa Hamadu ya yi cigiya.

Na buɗe a gabanta. Goggo ta naɗe shi a leda, ta naɗe ledar a tsohon zane, amma ruwa ya sami hanya ta kusurwa guda. Gefe ɗaya ya yi jan tabo na laka, faɗinsa kamar tafin hannu. Sauran fari fat. Na yi ta maimaita wa matar nan godiya. Ta ce, "Sa sufi, ya isa. Kai masa kayansa. Zanena kuma a dawo mini kafin Lahadi."

Da muka isa Yalwa Alhaji Bala yana can, labari ya riske shi a kasuwa, fuskarsa duk ta canza. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a cinyar Goggo. Ta shafa, ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe a haka. Sannan ta ce in gaya mata duk inda ya je. Ban rage komai ba, da juji, da katafila, da gidan bil-bil, da tabon laka.

Alhaji ya ce, "Inna, ki yafe mini, ban sani ba. Amma abin nan ya shiga juji, ya shiga gidan giya. Shagona cike yake da farin yadi wanda ya fi wannan. Zamzam kuma ina da jarka a ɗaki. A bar wannan, a yi miki sabo."

Ta ce, "Kai ka soya ƙuli-ƙulin da aka saye shi?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Matar da ba ta san ni ba ta wanke hannu kafin ta taɓa shi. Me ya same shi? Laka ce, cikinta za ni. Kada a wanke, kada a canza. A cikinsa za ku sa ni." Sai ta juyo inda take jin numfashina. Ta ce, "Ila, ka ji ko? Kai ne shaidata. Bala yana da kunya, in manya suka taru ba zai iya musu ba."

Na ce na ji, Goggo. A raina kuwa na ce tsohuwar nan ta ɗora mini kayan da ba bargon da zai ja shi.

Ta ga ɗakinta sabo, ta koma ciki, ta yi hunturu a ciki. Da zafi ya shigo, wata safiya muna ɗaure kujeru a unguwar Rumde aka zo aka ce Goggo Asabe ta cika. Na bar wa Matiyu kayan, na wanke hannu da ƙafa a famfon masallaci, na tafi da rigar aikina don ba lokacin canzawa.

Zauren cike yake da manyan kasuwa, ƙamshin turare ko'ina. Liman na zaune a tsakiya, an shimfiɗa sabon bandir na farin yadi a gabansa, almakashi a hannunsa. Ƙanen mahaifin Alhaji, wani dattijo mai faɗa a ji, shi ya sa aka kawo daga shago. Labarin gidan bil-bil ya riga ya zaga dangi, ya ce ba za a kai matar yayansa kabari da abin da ya fito daga can ba. Alhaji Bala na gefe, kansa a ƙasa, idonsa ja. Ya ɗago ya gan ni a bakin ƙofa wurin takalma, ya sake sunkuyar da kai.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Mutum mai tura shara, da riga mai tabon tsatsa, zai katse liman a gaban alhazai. Amma tsohuwa ta ce ni ne shaidarta, kuma ita yanzu ba ta da baki sai nawa. Na ce, "Allah gafarta Malam, a dakata da yankan nan. Akwai wasiyya."

 Dattijon ya ce, "Wane ne wannan?" Wani ya ce Ila ne mai kura. Dattijon ya ce, "To mai kura, an kira ka kwasar kaya ne?"

Na ce, "An kira ni, Baba. Mai kayan ce ta kira ni, a gaban ɗanta." Na faɗi abin da ta ce, kalma bayan kalma, ban ƙara gishiri ba.

Liman ya ajiye almakashi. Ya ce, "Giya ta taɓa yadin?" Na ce ko ɗigo, yana cikin leda, an ɗora shi a sama, matar ma sai da ta wanke hannu. Ya ce, "Tabon fa?" Na ce lakar kogi ce. Ya juya ya ce, "Alhaji Bala, haka aka yi a gabanka?"

Alhaji Bala ya ɗago kai. Ya dubi baffansa, ya dube ni. Ya ce, "Haka aka yi, Malam. Haka Inna ta ce." Sai ya fashe da kuka kamar yaro, babba da shi. Da ya samu kansa ya ce, "Malam Ila, shiga ka karɓo. Kai ba a hana ka shiga gidan nan."

Na yi sallama a ƙofar tsakar gida, mata suka buɗe mini hanya. 'Yar Goggo tana tsaye da ƙunshin a ƙirjinta, ashe tun safe take riƙe da shi tana jiran wanda zai zo ya tambaya. Na ɗauko shi da hannu biyu, na ratsa alhazan nan na ajiye a gaban liman. Na ɗauki firigo daga bene, na ɗauki injin niƙa, amma ban taɓa tafiya da kaya ƙirjina a buɗe kamar ranar ba. Liman ya warware, ya auna, da ya zo kan tabon ya ɗaga kai ya ce ko a datse wannan gefen. Alhaji ya share fuska ya ce, "A bar shi."

Kafin azahar muka kai ta. Da aka watse daga maƙabarta ban koma wurin kura ba, na bi ta unguwar su Mama Marta. Wannan karon ban duba hagu da dama ba. Na tsaya a ƙofa na yi sallama, ta fito da gatari a hannu. Na ce tsohuwar nan ta rasu yau da safe, kuma an sa ta a cikin kayanta.

Ta jingine gatarin a bango, ta goge hannu a zane. Ta ce, "To, madalla. Ya tafi da kayansa."